Kura da Shinge: Tsaron Iyali da Dabbobi a Gidajen Karkara na Ƙasar Hausa

Gabatarwa

Duk wanda ya bi tatsuniyoyin Hausawa da karin maganarsu da natsuwa zai lura ba wani naman daji da a ke yawan ambata kamar kura. Zaki shi ne manyan dawa, dila malamin daji, damisa ƙi sabo, amma kura ce ta cika bakin mutane. Dalilin haka a fili ya ke. Zaki yana can cikin ƙungurmin daji, mutum ya kan tsufa bai taɓa sa shi a ido ba. Kura kuwa maƙwabciya ce, kowane dare tana kewaya bayan danga, tana neman inda aka yi sakaci.

Abin da mu ke nufi da wannan takarda shi ne mu nuna cewa yadda mutanen karkara su ke tsara gida da garke ba a banza aka yi shi ba. Kowace danga, kowane turke, kowane akurki, amsa ce ga halin wata dabba wadda magabata suka daɗe suna lura da ita. Za mu nuna kuma cewa ginshiƙin tsaron nan shi ne hana maɓarnaci shiga, kisa kuwa sai in ya zama dole, kuma binciken masana na zamanin nan ya gaskata wannan ra'ayi. Muna fata malaman kwalejojin horon malamai su sami abin amfani a ciki, tun da ya ke da yawa daga cikin ɗalibansu a ƙauyuka za su koyar, wurin 'ya'yan manoma da makiyaya.

Da da yanzu

A zamanin da, yawancin mutane cikin garuruwa masu ganuwa su ke kwana. In magariba ta yi sai a koro dabbobi ciki, a rufe ƙofa, ganuwar da aka gina saboda mahara ita ke tsare mutane daga namun daji kuma. Masu zama a fili su ne Filani a rugage, da Maguzawa cikin manyan gidajensu na noma, da mutanen tunga. Bayan da Turawa suka ci ƙasar a 1903, hare-hare suka ragu, talakawa suka fara fita suna kafa gidajen gona nesa da ganuwa. Daga nan tsaron dare ya koma wuyan kowane mai gida shi kaɗai.

Namun dajin su ma sun sāke. Sa'ad da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda a ke kira Abdulkarim, ya ratsa ƙasar Azbin a 1850, ya ba da labarin zakoki a cikin duwatsunta. Yau babu su can. Wani ƙidaya da masana suka buga a 2014 ya nuna zakokin da suka rage a Afirka ta Yamma duka wajen 400 ne, kuma a wurare huɗu kaɗai aka same su: gandun dajin Niokolo-Koba a Sanagal, da na Tafkin Kainji, da Yankari a ƙasar Bauci, da kuma babban dajin nan da ya haɗa iyakokin Nijar da Benin da Burkina Faso, inda mafi yawansu su ke. Kyarkeci, watau karen daji mai farauta ƙungiya ƙungiya, shi ma ya kusa ƙarewa a wannan yanki. Waɗanda suka jure zama kusa da mutane su ne kura, da dila, da ƙananan maɓarnata masu cin kaji. Saboda haka mai gidan gona na yau ya fi bukatar sanin halin waɗannan, sai fa in yana zaune gefen gandun daji.

Maɓarnata da halayensu

Kura iri biyu ce a ƙasar nan. Akwai babba mai dabbare-dabbare, wadda a ke jin kukanta da dare, ita ce kurar tatsuniya. Akwai kuma sayaki, mai zane-zane a jiki da geza a doron baya, ya fi ƙanƙanta, ya fi kunya, yawancin abincinsa mushe ne. Mutane sun ɗauki babbar kura matsoraciya ce mai jiran abin da wani ya kashe, amma masana sun tabbatar mafarauciya ce ƙwarai, inda namun daji su ke da yawa ita ke kashe mafi yawan abin da ta ke ci. Macen ta fi namijin girma, ita ce kuma shugabar ƙungiya. Muƙamuƙinta yana fasa ƙashin sa. Ba ta hawa bisa, ba ta iya tsalle mai nisa. Hanyarta ita ce ta bi gindin shinge tana shinshina har ta sami wurin da ya ruɓe, ko inda kare ya saba kutsawa, sa'an nan ta tura kai, ko ta tona ƙasa ta shige. Ta fi son akuya, da tunkiya, da maraƙi, da jakin da aka ɗaure a waje.

Damisa ta saɓa wa kura ta kowace fuska. Ita mahayiya ce, shingen da ya tsare kura ba kome ba ne gare ta in akwai reshen itace da ya leƙo cikin garke. Ta kan shiga shiru, ta kama wuya, ta fita da abin da ta kama ta haye itace da shi. In ta sami kanta cikin ƙaramin garke da awaki suna ta tsalle, ta kan kashe fiye da abin da za ta iya ɗauka. Tana kuma son naman kare ƙwarai. Mazauninta duwatsu ne da kurmin bakin rafi.

Zaki ba safai ya ke wahalar da kansa da ƙaya ba. Ya kan zo ta inda iska za ta kai wa shanu warinsa, ko ya yi ruri kusa da su. In suka firgita sai su yi ca a gefe guda, su fasa shingen da kansu daga ciki, su watse cikin duhu, shi kuwa ya zaɓi wadda ya ga dama. Watau a wurin zaki, ƙarfin shinge daga ciki ya fi tsawonsa muhimmanci.

Dila ɓarawon rana ne da na almuru. Ba ya iya babbar dabba, abin da ya ke nema shi ne ɗan akuya ko ɗan tunkiya da ya rabu da uwarsa a wurin kiwo, ko wadda ta keɓe tana naƙuda a cikin ciyawa. Gwaggon biri ma haka, da rana ya ke ɗaukar 'yan awaki, ba ya tsoron yara.

Kaji da zabi suna da nasu maƙiya. Daga sama akwai shirwa da shaho, shi ya sa Hausawa su ke cewa kaza mai 'ya'ya ita ke tsoron shirwa. Daga ƙasa akwai muzurun daji, da tunku, da yanyawa, da dage, da damo mai shan ƙwai, da mesa wadda ta kan haɗiye kaza ko ɗan akuya. A mashaya kuwa akwai kada.

Wane ne ya fi ɓarna a cikin waɗannan? An yi wani bincike a ƙauyukan da ke kewaye da gandun dajin Pendjari a arewacin Benin, aka buga shi a 2011. Ko da ya ke wurin yana daga cikin 'yan wuraren da zaki ya rage, an sami kura ce ta yi fiye da rabin ɓarnar dabbobi, gwaggon biri na biyu, zaki na uku. Can da kuma kewayen gandun dajin Waza a arewacin Kamaru, an lura ɓarna ta fi yawa da damina. Dalili kuwa shi ne da rani namun daji su kan taru a 'yan wuraren ruwa, masu cinsu ba su sha wuyar samunsu. In ruwa ya sauka sai su watse ko'ina, ciyawa ta yi tsawo, dabbar gida ta zama ita ce ganima mai sauƙi. Ashe ke nan lokacin da manomi ya fi shagala da gona shi ne lokacin da garkensa ya fi bukatar ido.

Tsarin gida da na ruga

In muka dubi gidan Bahaushe na karkara da wannan ido, za mu ga an jera abubuwa bisa ga rauninsu. Daga waje akwai danga ta kara ko ta zana, ko katanga ga mai hali. Ƙofa ɗaya ce, ta cikin zaure, inda maza su ke zama, samari kuma su ke kwana. Turakun awaki da tumaki suna cikin gida, kusa da ɗakunan mata, domin yawancin ƙananan dabbobi na mata ne, su ne kuma masu jin motsinsu da dare. Doki da shanun noma suna kusa da turakar mai gida. Kaji suna kwana cikin akurki, a toshe bakinsa da dutse ko faifai mai nauyi. Zabi su kan hau itacen tsakar gida, in wani baƙon abu ya gitta su ne su ke fara tada kowa da kuka. Rumbu ma, da ya ke a kan duwatsu a ke ɗora shi saboda gara da damshi, gindinsa mafaka ce ga 'yan tsaki in inuwar shirwa ta faɗo.

Rugar Filani ba ta da katanga, gama masu ita matafiya ne, amma ka'idar ɗaya ce. Maruƙa su ne masu rauni, saboda haka a kan ɗaure su jere a igiya guda, watau dangwali, tsakanin bukkoki da wurin kwanan shanu. Manyan shanu suna bayansu, a hura musu wuta da maraice, hayaƙi ya kore ƙwari, su kuwa su kewaye ta su kwanta. Samari makiyaya su kan kwana a gefen garke da sandunansu. Duk abin da zai kai ga maraƙi sai ya ratsa ƙahonin manya ko ya ratsa mutane. Inda daji ya ke da haɗari kuma sai a sare ƙaya a kewaye garken duka.

Shinge

Shinge iri biyu ne, na ƙaya busasshiya da mai rai. Na ƙaya shi ne mai saurin yi. A kan saro rassan farar ƙaya, ko bagaruwa, ko aduwa, ko magarya, ko dundu, ko sarƙaƙiya, a jera su gindi yana ciki, kai yana fuskantar waje, a cusa wani cikin wani yadda ba za a ja ɗaya ba tare da sauran ba. Mai kyau shi ne wanda ya fi tsayin mutum, ya yi kauri har ba a hango dabbobi ta cikinsa, gindinsa kuma ya toshe sarai, tun da ya ke ta nan kura ta ke bi. Aibinsa biyu ne. Na fari, ba ya daɗewa: gara ta ci, rana ta busar, ruwa ya ruɓar, mata kuma su kan zare rassa in itacen girki ya yanke, kafin shekara ta kewayo ya zama sunan shinge kawai. Na biyu, sabunta shi kowace shekara yana cinye itatuwan kewaye, a ƙasar da dama hamada ke matsowa.

Shinge mai rai ya fi wuyar kafawa, amma shi ne na gado. Hausawa sun daɗe da sanin itatuwan da in aka sari reshensu aka kafa sai ya kama. Akwai dashi, akwai aguwa wadda a ke gani gefen burtali a ƙasar Katsina da Sakkwato da Damagaram, akwai bini-da-zugu, akwai ƙerana mai ƙaya da farin ruwa mai guba. A kan kafa rassan dashi a ƙarshen rani, kusa da kusa, in damina ta faɗi su yi saiwa. Bayan 'yan shekaru sai su zama bango wanda gara ba ta ci, iska ba ta kayarwa, shanu ba su iya turewa.

Abin sha'awa a nan shi ne itacen nan dashi, wanda masana ilmin tsiro ke kira Commiphora africana, shi ne Masai na arewacin Tanzaniya suka ɗauka a wani shiri da aka fara a 2008. Su kan kafa rassansa kewaye da garke, su ɗaura wayar raga a jikinsu. Itacen yana girma yana ƙara tsawo, wayar kuma ta toshe kafofin ƙasa. Binciken da aka buga a 2015 ya nuna garken da aka kewaye haka sun tsira daga harin dare fiye da kashi 99 cikin 100, a ƙasar da zaki da kura da damisa su ke da yawa. Rabin wannan dabara tana hannun manomanmu tun kaka da kakanni, abin da aka ƙara waya ce kaɗai.

Ƙofa ita ce raunin kowane shinge. Wani bincike da aka yi tsakanin makiyayan arewacin Kenya, aka buga a 2007, ya nuna garken da ya fi tsira da dare shi ne mai shinge mai kauri, mai ƙofofi kaɗan, wanda akwai maza da karnuka a wurin. Kowace ƙofa da aka ƙara, an ƙara wa maɓarnaci hanya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wajibi ne kuma a sare duk reshen da ya leƙo cikin garke saboda damisa, a nome ciyawar da ke bayan shinge, don kada abu ya sami wurin laɓewa.

Kare, wuta da makiyayi

Shinge ba ya gani, ba ya ji. Amfaninsa shi ne ya jinkirta maɓarnaci har mutum ya farka, mai tada mutum kuwa shi ne kare. Ko da ya ke Hausawa Musulmi ba su cika sakewa da kare ba, malaman fiƙihu sun halatta ajiye shi domin tsaron garke da gona da kuma farauta, shi ya sa ba a rasa shi a gidan gona. Buzaye ma suna da irin nasu dogayen karnuka na ƙasar Azawak masu tsaron zango. Amma a sani aikin kare haushi ne. Kare ɗaya ba ya karawa da babbar kura, damisa kuwa abinci ta ɗauke shi. Saboda haka ya fi kyau su zama biyu ko uku, su kwana cikin shinge, a kuma ciyar da su sosai, gama kare mai yunwa yawo ya ke tafiya da dare, wani lokaci ma shi ne ɓarawon 'yan awaki.

Wuta tana da amfani, amma ba kamar yadda a ke zato ba. Naman daji ba harshen wuta ya ke tsoro ba, mutumin da ke kusa da ita ya ke tsoro. Wutar da aka hura aka tafi aka bari, kura ta kan saba da ita cikin 'yan kwanaki. Wani yaro Bamasaye mai suna Richard Turere, mai kiwon shanun ubansa kusa da gandun dajin Nairobi, ya lura zakoki ba su kula da wutar da ke wuri ɗaya, amma in ya zaga da tocila a hannu ba su zuwa. Sai ya haɗa ƙwayayen fitila da batirin mota da faifan hasken rana, ya jera su a shinge suna walƙiya ɗaya bayan ɗaya, kamar mutum na yawo. Ya bayyana dabarar a gaban taron duniya a 2013, yana ɗan shekara 13, daga baya ta yaɗu a Kenya da wasu ƙasashe. Hausawa sun riga sun taƙaita hikimar da ke ciki da suka ce kura ta san gidan mai babbar sanda.

Da rana kuwa tsaro duka yana wuyan makiyayi. Binciken nan na 2007 ya nuna garken da ya fi tsira a wurin kiwo shi ne ƙarami, mai makiyayi da kare, wanda ke kiwo a fili ba cikin sarƙaƙiya ba. Ka'idodin da dattawan makiyaya su ke koya wa yara ba su wuce waɗannan ba: kada a fita kafin rana ta ɗaga, a komo kafin ta faɗi, a ƙirga dabbobi a bakin ƙofa, wadda ta kusa haihuwa a bar ta gida, 'yan ƙanana kuma kada su bi garke sai sun yi ƙwari. Sau da yawa abin da kura ta ke ci ba daga cikin shinge ta ke ɗauka ba, dabbar da ta ɓace ta kwana a daji ce. A mashayar da a ke zaton kada, a kan kafa itatuwa cikin ruwa a keɓe wuri marar zurfi, ko a ɗebo ruwa a zuba a kwami nesa da gaɓa.

Tsaron mutane

Ba kasafai naman daji ya ke far wa babban mutum a tsaye ba. Wanda ke cikin haɗari shi ne yaro ƙarami, da tsoho, da marar lafiya, da wanda ya yi barci a fili. A ƙasar Mulanje ta Malawi, inda kuraye suka yi ta kashe mutane a tsakiyar ƙarni na 20, an lura harin ya fi yawa a watan Satumba, lokacin zafinsu, sa'ad da mutane ke kwana waje, gobarar daji kuma ta kore namun da kuraye su ke ci. A ƙasar Hausa lokacin da ya yi daidai da wannan shi ne bazara. In zafi ya hana kwanan ɗaka, to, a kwana a tsakar gida bayan an rufe zaure, yara a tsakiya, manya a gefe. Kada a aiki yaro shi kaɗai bayan magariba, kada kuma a bar jariri a gindin itace a bakin gona ba mai kallonsa. Wanda ya yi kaciɓis da kura ko damisa, kada ya juya ya ruga, domin gudu shi ke tada sha'awar bi. Ya fuskance ta, ya ɗaga sanda, ya yi ihu, ya ja da baya sannu sannu.

Tsabtar bayan gida ita ma tsaro ce. Mushe, da ƙashi, da kayan cikin dabba, da mahaifar saniya, in aka yar da su kusa da danga, an koya wa kura hanyar gida ke nan. In ta zo yau ta sami mushe, gobe ta zo ba ta samu ba, sai ta dubi turke. A binne irin waɗannan da zurfi, nesa da gida.

Akwai kuma haɗarin da ya fi haƙori kisa, watau ciwon haukan kare. Dila da sauran namun daji su kan ɗauke shi, su sa wa karen gida, shi kuma ya sa wa yara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ciwon nan yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan duka ta hanyar cizon kare ne. In alamunsa suka bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya tashi. Saboda haka wanda ya ajiye kare don tsaro, lalle ne ya kai shi a yi masa allurar rigakafi. Wanda aka ciza kuma, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, a kai shi asibiti ran nan, kada a jira a ga abin da zai faru. Naman dajin da ya shigo gida da rana tsaka ba ya tsoron kowa, a ɗauka mahaukaci ne, kada yara su kusance shi.

Farauta da guba

A al'adar Hausawa, in wata dabba ta addabi ƙauye, ba kowa ke fita nemanta ba. A kan kai kuka wurin mai gari, shi kuma ya kira Sarkin Baka ko Sarkin Dawa da mutanensa. Su ne masu bin sawu, su san wadda ta yi ɓarnar, su haƙa mata rami ko su ɗana tarko, ko su yi kwanto da kibiya mai dafin ƙwanƙwani. Abin lura shi ne mai laifin kaɗai a ke nema. Wannan ya dace da abin da masana suka gano, cewa sau da yawa ɗaya ce ko 'yan kaɗan daga cikin namun wuri su ke sabawa da cin dabbar gida.

Guba ta rushe wannan ka'ida. A tsakiyar ƙarni na 20 ma'aikatun dabbobi na ƙasashen Sahel da Faransa ta mallaka sun yi ta baza nama mai gubar sitirikinin don rage kuraye da diloli da zakoki. Daga baya maganin ƙwari na gona ya yi arha, ya zama wanda aka yi wa ɓarna ya kan barbaɗa shi a kan ragowar mushen. Guba ba ta bin sawu. Ta kan kashe kurar da ta yi laifi da wadda ba ta yi ba, ta kashe karen maƙwabci, ta kashe ungulu da dama a mushe guda, wani lokaci ta kai ga mutum. A 2015 aka sa ungulun nan da muka saba gani a mahauta cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya, guba kuwa tana cikin manyan dalilai.

Abin da ya faru a Indiya ya isa ishara. Can wani maganin dabbobi mai suna dikulofenak ya kashe fiye da kashi 90 cikin 100 na ungulayensu tun daga shekarun 1990, har gwamnati ta hana ba dabbobi shi a 2006. Da ungulu suka ɓace, mushe ya yi ta ruɓewa a fili, karnukan da ba su da masu su suka yawaita a kansa, cizonsu ya ƙaru. Ungulu da kura su ne masu sharar daji, ba a kuwa biyansu ko anini. Ban da haka, in aka kashe kurayen wuri, wasu su kan zo daga wani wuri su gaje shi, in shingen yana nan yadda ya ke a ruɓe, ɓarna ta koma sabuwa. Har wa yau zaki da damisa suna cikin namun da dokokin Nijeriya da Nijar suka ba kariya, wanda ke zaune kusa da gandun daji ma'aikatan gandun ya kamata ya kai wa ƙara.

Kammalawa

Asarar akuya biyu ko uku ba ƙaramin abu ba ne ga matar ƙauye, gama su ne asusunta, da su za ta yi wa 'yarta kayan ɗaki, da su za ta sayi magani ran ciwo. Duk wanda zai yi wa mutanen karkara maganar kiyaye namun daji, in bai fara da wannan ba, ba mai sauraronsa. Amma mun ga hanyar da ta fi tsare akuyar ita ce kuma ta fi barin daji da masu shararsa: shinge mai kauri mai ƙofa ɗaya, dabbobi a ciki kafin faɗuwar rana, kare ƙosasshe mai rigakafi, mutum a kusa, bayan gida kuma ba mushe.

Akwai aiki a nan ga malamai da masu nazarin harshe. Yaran birni da yawa yau ba su san bambancin kura da sayaki ba, ba su taɓa jin dangwali ko dage ba, har ma a ƙauye sunayen itatuwan shinge sun fara ɓacewa daga bakin samari. In kalma ta ɓace, sanin da ke cikinta ya kan bi ta. Ya kamata malamin da aka tura ƙauye ya sa ɗalibansa su tambayi dattawa da makiyaya da mafarauta sunan kowace dabba da hanyar shigarta da maganinta, su rubuta da karin harshen wurin, su kuma kafa shingen dashi ko na aguwa kewaye da lambun makaranta, su ga yadda ya ke kamawa da idonsu.